Dutsen da Ba Ya Kwana da Yunwa

Ranar da yaran makaranta za su zo ne dutsen niƙan ƙauyen Tizra ya ƙi juyawa.

Dda Arezki, dattijo mai niƙan, ya gangaro kwari da sassafe, ya zare sakatar itacen gidan niƙa, ya ɗage katakon da ke tare ruwa. Lokacin narkewar ƙanƙara ne, ruwan ya zubo da ƙarfinsa. Fankar katakon da ke ƙarƙashin ɗakin ta kama juyawa, turken da ya taso daga jikinta ya bi ta, amma dutsen sama yana kwance abinsa. Tsohon ya leƙa bakin dutsen. Ƙarfen da ke haɗa turke da dutse, wanda ya girmi kowa a ƙauyen, babu shi.

Kafin rana ta leƙo kwarin, rabin ƙauye ya hallara. Tun da injinan lantarki suka zo ba mai kawo niƙa nan sai jefi-jefi, yaran makarantun birni ne suka rage wa dutsen. Ana kawo su a mota su ga ruwa yana niƙa alkama, su ci gurasa da man zaitun, su koma gida kawunansu fari fat da gari. Amma mutanen da suka shekara ba su tako wurin ba, ranar su suka fi kowa kumfar baki.

"Meziyan ne," in ji wani. Nan take sunan ya zagaye taron.

Lambun Meziyan da gidan niƙa magudana ɗaya suke sha. Kuma kowa ya ji shi a majalisar ƙauye yana cewa ana ɓarnar ruwa don 'ya'yan birni su yi dariya, barkononsa yana mutuwa da ƙishi.

Dda Wali, shugaban majalisar, ya gyara alkyabbarsa ta ulu. "In ta tabbata shi ne, ƙauye zai juya masa baya. Ba gaisuwa, ba shiga gidansa, ko a daɗi ko a wuya."

Uwar Meziyan tana kwance tun farkon sanyi, kowa ya san saura kaɗan. In aka juya masa baya, shi kaɗai zai ɗauki makararta.

"A kira Belaid," in ji Dda Wali.

*

Belaid mai bin sawu ne. Aladun daji masu ɓarnar lambu da awakin da suka ɓata, su ne aikinsa. Mutum ne mai yawan shiru, wanda in ya kamo ɓarawon ɓaure sai ya kwana yana tunanin ko yunwa ce ta sa shi. Ya daɗe da gane cewa ƙasa tana faɗin wanda ya wuce, amma ba ta faɗin abin da ya fito da shi, kuma wannan ne ke damunsa.

Da ya iso ya ga yadda aka tattake ƙofar, sai ya dafe kai.

"Sannunku da aiki. Ko shanu aka koro ta nan ai sai haka. Dda Wali, ka sa su matsa, kafin su taka ni ni ma."

Ya zagaya bayan ɗakin. Wata siririyar hanya ce a can, mai hawa zuwa gidajen saman tudu. An share ta da reshe, shara mai kyau, babu sawun mutum ko ɗaya. A kan sharar sai sawun wata kaza, mai yatsa ɗaya a karkace. Belaid ya ɗan tsaya. Ba mai barin kazarsa ta gangaro kwari, saboda dila. Ya ajiye abin a ransa ya wuce.

A gefen magudana kuwa ga sawun takalmin roba, sabo, ya taho daga lambun Meziyan har kusa da bangon gidan niƙa.

A ciki ya tarar da Dda Arezki zaune a kan buhu, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Dda, yaya ake cire ƙarfen nan?"

Tsohon ya kafa wa bakin Belaid ido, sannan ya amsa da ƙarfi, kamar yadda masu niƙa suke magana. "Sai an ɗaga dutse! Da wancan gungumen, ana ɗagawa ana tokarewa da katako, kaɗan-kaɗan. Wanda ya iya, ko ba shi da ƙarfi zai yi. Wanda bai iya ba, ko dai ya fasa dutse, ko dutse ya fasa masa ƙafa."

Gungumen yana jingine a kusurwarsa. Katakan tokarar suna jere a kan taga, babba a ƙasa, ƙarami a sama.

"Me zan ce wa yaran?" in ji tsohon. "Na yi wa wata 'yar ƙarama alkawari yau ita za ta zuba hatsin farko."

*

Meziyan yana cikin lambunsa da fartanya, takalmin roba a ƙafa. Bai ɗago ba.

"Sun aiko ka? To ga ni. Ka zo da igiya?"

"Igiyar akuya ce da ni, kai kuwa ka fi ƙarfinta. Me ya kai ka bangon gidan niƙa da asuba?"

Meziyan ya yi ta sara ƙasa, sannan ya jefar da fartanyar.

"Ruwa na sata. Ka ji daɗi? Yau ranar ruwan gidan niƙa ce, ba tawa ba. Na je na sa ɗan dutse a magudana don ya ɗan karkato mini. Ɗan kaɗan, wallahi ko alwala ba zai isa ba."

"Alwalar mutum nawa? Na ga kwamin albasarka har yana ambaliya."

"To, alwalar gari guda. Amma ƙarfe? Me zan yi da shi? Ni ko ɗakin ba na shiga, garin yana sa ni atishawa." Muryarsa ta sauka. "Belaid, tsohuwa ta ji hayaniya, ta tambaye ni me ake yi. Na ce mata akuya ce ta faɗa ruwa."

Belaid ya bi sawun da idonsa. Mai sawun ya je bakin magudana, ya tsuguna, ya juyo. Bai kusanci ƙofar gidan niƙa ba.

"Je ka cire dutsen nan naka," in ji shi. "Laifi ɗaya ya ishe ka yau."

*

Wasu sun ambaci Rabah mai sayen tsoffin ƙarafa. Belaid ya same shi a shagon gahawa yana wasan domino.

"Ni? Dubi motata can." Rabah ya nuna da haɓa. Motar tana zaune a kan tubala, tayoyin gaba babu. "Sati guda ke nan. Bayana kuma, matata ce ke ɗaura mini takalmi. Ka ce in ɗaga dutsen niƙa? Allah ya sa in ɗaga wannan kofin lafiya."

"Ka san yadda ake ɗaga shi?"

"Da guduma. Duk abin da ya ƙi fita, guduma ce."

Belaid ya yarda da shi. Da Rabah ne, da yanzu dutsen ya zama gida huɗu.

*

Ya koma kwari. Hantsi ya ɗaga, haske ya shigo ta taga ya sauka daidai bakin dutsen. Belaid ya tsuguna ya leƙa, sai ya zura hannu ya ɗebo abin da ke ciki.

A Tizra ba a barin dutse ya kwana da yunwa. In mai niƙa ya tashi aiki, sai ya zuba cikin hannu guda na hatsi a bakin dutsen kafin ya ja ƙofa. Masu niƙa ne kawai ke yin haka, mutanen gari yawancinsu sun manta.

Dda Arezki yana tsaye a bakin ƙofa ya ba shi baya, yana kallon hanyar mota.

"Dda," in ji Belaid.

Tsohon bai juyo ba.

"Dda Arezki."

Ruwa a tare yake, ɗakin shiru, ana jin kukan tsuntsaye. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Tsohon bai motsa ba. Belaid ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. Sannan ya tashi ya zagaya ta gabansa.

"Jiya da ka tashi, me ka bar wa dutse?"

"Alkama mana! Ni kullum alkama nake ba shi. Surukina Kasi, Allah ya jiƙansa, shi ne mai ba shi sha'ir. Wai dutse talaka ne, abincin talaka ya fi so. Mun sha musu a kan haka."

Belaid ya dunƙule hannunsa. Abin da ke ciki sha'ir ne.

Wanda ya ɗaga dutsen ya watsar da alkamar tsohon. Da ya mayar da shi, zuciyarsa ba ta bar shi ya tafi ya bar dutse ba komai a baki ba, sai ya zuba abin da ke jikinsa. Ɓarawo ya share sawunsa tsaf, amma ya tsaya ciyar da dutse.

Belaid ya fita ta baya, ya bi sawun kazar. Nan da can ga ƙwayar sha'ir da ta tsere mata. Sawun ya hau tudu, ya ratsa ta ƙarƙashin zaitun, ya shiga gidan Dda Arezki.

*

Nna Sekkura, matar Dda Arezki kuma 'yar marigayi Kasi, tana tsakar gida tana gasa gurasar yara. A ɗakin niƙan ta yi rarrafe, lokacin ubanta ne mai niƙa. Wata jar kaza tana manne da ƙafarta, tana leƙen aljihun zanen da ta ɗaura a ƙugu.

"Belaid ɗan Wardiya! Zauna. Kullum kana ramewa, matarka ba ta dafa kuskus ne?"

"Tana dafawa, Nna, yawo ne ke cinye shi."

Ta karya masa gurasa mai zafi, ta tura masa kwanon mai. Ya ci, idonsa a kan kazar. Yatsanta na hagu a karkace yake.

"Wannan ba ta rabuwa da ke."

"Masifa ce. Ko banɗaki zan shiga sai ta raka ni."

"Har kwari ma."

Hannun tsohuwar ya tsaya a kan kasko. Ta juya gurasar da ba ta isa juyawa ba.

"Sun ce Meziyan ne," in ji Belaid a hankali. "Dda Wali ya ce ƙauye zai juya masa baya."

"Meziyan?" Ta ɗago da sauri. "Da uwarsa a kwance?"

"Da uwarsa a kwance."

Ta koma kan kaskonta. Belaid bai tambaye ta dalili ba, don ya riga ya tsaya a bayan mijinta ya yi kira, tsohon bai ji ba.

"Zan tara su a gidan niƙa yanzu, kafin motar yara ta iso," in ji shi da ya miƙe. "Zan wanke Meziyan iyakar iyawata. Suna kuwa ba zai fito daga bakina ba."

A hanyar gangarowa ya zauna a kan wani dutse. In ya faɗi suna, ya tona tsohon da ya shekara hamsin yana sarrafa dutse da kunnensa, ya kuma mayar da matarsa ɓarauniya a gaban ƙauye. In ya yi shiru, zargi zai zauna a kan Meziyan, ko majalisa ta hukunta shi ko ba ta hukunta ba. Ya juya abin ta kowace fuska, bai sami inda ba ya ciwo ba. Ya zuba sha'ir ɗin a aljihu ya tashi.

*

Mutum huɗu ya bari a ɗakin: Dda Wali, Meziyan, Rabah da Dda Arezki. Sauran ya kora su bakin hanya, wai su tsaya su tarbi yara.

"Meziyan ya zo da asuba, amma a magudana ya tsaya," in ji Belaid. "Ruwa ya sata, wannan tsakaninku ne. Rabah bai san yadda ake ɗaga dutse ba. Wanda ya ɗauki ƙarfen ya iya aikin, ya mayar da kowane katako wurinsa, kuma bai bar dutse da yunwa ba. Mai ƙin gidan nan ba zai yi haka ba."

"Wane ne?" in ji Dda Wali.

"Ƙarfen zai dawo."

"Ban tambaye ka ƙarfe ba. Mutanen da ke waje suna da suna ɗaya a bakinsu. In ba ka ba su wani ba, shi za su riƙe."

"Ka faɗa mana, don Allah," in ji Meziyan. "Ni fa nake tsaye a kan wuta."

Belaid ya sunkuyar da kai. Sai ƙofar baya ta buɗe.

Nna Sekkura ta shigo da kwandon gurasa a ka, jar kazar tana biye. Ta sauke kwandon a bayan mijinta, wanda ke fuskantar Belaid. Ta ɗaga gurasar sama, ta zaro ƙarfen.

"Ni ce," in ji ta. "Ku rabu da ɗan mutane."

Rabah ya saki baki. Dda Wali ya yi salati.

"Zuwan yara na makon jiya, hatsi ya ƙare a mazubi, dutse ya kama cin dutse. Ni daga bakin ƙofa na ji. Shi yana tsaye a kansa bai ji ba. Wata yarinya ta sunkuya ta leƙa, dutse ya kama bakin ɗankwalinta, ta yi ihu. Yana nuna wa sauran buhu, ya ba ta baya. Ni na fisge ta, ɗankwalin ya tafi. Malamarsu tana waje tana ƙirga yara, yarinyar kuma na lallashe ta da ɓaure. Na faɗa masa a gida, ya ce kunnensa ƙalau, ni ce nake magana ƙasa-ƙasa don tsufa. Na ce to, bari dutse ya huta har lokacin zuwan yara ya wuce. Ban san wani za a ɗora wa ba."

Duk wannan maganar a bayan kunnensa aka yi ta. Dda Arezki yana nan yana kallon Belaid, yana jiran ya ji sunan ɓarawo. Sai ya lura duk idanu sun wuce ta kan kafaɗarsa. Ya juya. Ya ga matarsa, ya ga ƙarfen a hannunta.

"An same shi!" in ji shi da murna. "A ina, 'yar Kasi?"

Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, murnar ta fara sauka.

"Ta yi magana ne? Me ta ce?"

Nna Sekkura ta matso, ta dafa kafaɗarsa, ta sa bakinta a kunnensa na dama. Ta sake faɗa masa daga farko, da ƙarfi. Mazan suka juya suna kallon bango, Rabah ya duƙufa a kan wani buhu kamar zai saya.

Tsohon ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon dutsen.

"Yarinyar mai jan ɗankwali?" in ji shi. A karo na farko a ranar muryarsa ta yi ƙasa. "Ita na yi wa alkawarin zuba hatsi."

"Ita."

"Ta yi ihu?"

"Ta yi."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "To, mayar da shi cikin kwandonki. Wali, ka ce wa malamar an rufe."

Belaid ya matsa gaban tsohon inda zai ga bakinsa.

"Dda, ina da tambaya. Ɗaga dutsen nan da aka yi, aka mayar, akwai kuskure?"

Dda Arezki ya tashi ba da son ransa ba, ya zagaya dutsen, ya shafa gefensa, ya tsuguna ya dubi zamansa.

"Babu," in ji shi. "Ko ni sai haka."

"Kuma daga bakin ƙofa aka ji hatsi ya ƙare. Ashe gidan nan bai rasa kunne ba."

"Mace a kan dutsen ruwa?" in ji Dda Wali. "Ba a taɓa yi ba."

"Wali, rufe mana baki," in ji Nna Sekkura. "Lokacin da nake zuba wa babana hatsi a nan, kai kana yawo ba wando."

Rabah ya tuntsire da dariya har ya riƙe bayansa. Dda Arezki ya ga ana dariya, ya dubi matarsa. Ta sake faɗa masa a kunne, shi ma ya yi.

"Ɓarauniya," in ji shi. "Shekara hamsin ina kwana da ɓarauniya."

"Ai ɗakin ubana ne, tsoho. Kai aka kawo."

Daga saman tudu aka ji ƙahon mota. Dda Wali ya juya wurin Meziyan, ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Ɗana, mun zalunce ka. Zan faɗa a waje da bakina, yau kuma zan zo gaida tsohuwa."

"Ruwan fa?"

"Ruwan za mu yi maganarsa ranar Juma'a. Kama gungumen nan."

Meziyan ya kama, yana atishawa, Nna Sekkura tana tokarewa tana yi masa faɗa ya bi a hankali.

*

Yaran suka gangaro a guje, malamarsu tana ihun su yi layi. An ja igiya a ƙasa, an ce kada wanda ya ƙetare ta. Dda Arezki ya ɗaga yarinyar nan, yau da sabon ɗankwali, ta zuba hatsin farko daga hannunsa. Ruwa ya zubo, ɗakin ya ɗauki rugugi, gari ya fara fita ta gefen dutse.

Nna Sekkura tana zaune kusa da katakon ruwa, kai a karkace, da doguwar sanda a hannu. In sautin dutse ya canza sai ta taɓa ƙafar mijinta da ita, shi kuwa ya ƙara hatsi ba tare da ya katse labarinsa ba. Wani yaro ya tambaya me ya sa kaka take dukan kaka. Aka maimaita wa tsohon a kunne.

"In ka yi aure za ka gane," in ji shi.

Belaid ya tsaya har motar ta tafi. Ya ga an tare ruwa, an share gari, dutse ya tsaya. Dda Arezki ya ɗebi alkama cikin hannunsa ya nufi bakin dutsen. Da ya isa sai ya tsaya. Ya dubi hannun, ya mayar da alkamar cikin buhu, ya matsa gefe.

Nna Sekkura ta zura hannu a aljihunta ta zuba wa dutsen sha'ir. Abin da ya zube a ƙasa, jar kazar ta tsince.